Jikan Majemi

Bakin Tsohuwar Kasuwa na sayo ta,
'yar kwalba, ba ta fi babban yatsa ba,
da murfi mai ɗigo irin na maganin ido.
Nomau ya dafa ƙirji ya rantse:
kwana bakwai, ƙurajen nan sai labari.
Dubu huɗu da ɗari biyar na ƙirga masa,
ladan ɗinkin hula biyu, ban ko nemi ragi ba,
don madubi ya daɗe yana yi mini gatse a kan fata.

Luba ƙanwata, mai karatun jinya,
ta fizge, ta juya bayanta,
ta ƙanƙance ido kan rubutu kamar ƙwan ƙwarƙwata.
"Salisilik, biyu cikin ɗari,
wanga shi ka share maiƙon da ya toshe ƙofar gashi.
Niyasinamaid, ba laifi, yana lallashin ja.
Amma dubi na biyu a jeri: alkohol.
Abin da aka sa gaba, shi ya fi yawa a ciki.
Ga turare kuma. Mi ya haɗa turare da miki?
Lambar hukuma ta kankare rabi,
wa'adin lalacewa saura wata.
Tun yaushe ma take kwance bisa faranti
cikin ranar Sakkwato mai narka kwalta?"

Na ce ke dai baƙin ciki kike.
Na ce ba ke ake kallo a goshi ba
kafin a amsa miki sallama.

Kaka Arzika na gindin darbejiya,
tafin hannunsa ya rine da bagaruwa tun ba a haife mu ba.
Bai san boko ba. Ya buɗe, ya shinshina,
ya ɗiga a farce, ya jira iska ta ɗauke.
Ya ce, "Haliru, shekara hamsin ina jima.
Jar akuya na shan toka ta fito tana sheƙi.
Ta ɗan rago, ba ta daidai wannan,
sai ta yage a hannunka awa takarda.
Haɗi guda, kwatarniya guda, fata ce ta bambanta.
Ban taɓa tsoma sukutum cikin sabon jiƙo ba.
Gefen wutsiya nika yankowa,
in jiƙa, in kwana, in duba.
Waccan ko matatta ce, in ta ɓaci in sayo wata.
Taka fa? Wace rumfa aka saida irinta?"

Sai na ɗiga ɗigo ɗaya bayan kunne,
inda hula ke rufa asiri.
Daren farko, ba wuta, muna tsakar gida,
zufa kawai da kukan sauro.
Na kwanta ina yi wa Luba dariya.
Dare na biyu wani abu ya fara tafiya a wurin,
kamar kiyashi ya sami sukari.
Ran na uku, wajen alwalar Asuba,
ruwa ya taɓa, na ji raɗaɗi har haƙori.
Ja ya kewaye wurin, faɗin kwabo,
yana saɓa kamar ɓawon albasa.
Na tsaya da buta a hannu ina lissafi:
da goshi ne, da kumatu biyu, da haɓa,
da yau da wace fuska zan fita?

Junaidu abokina, mai fuska kamar kaskon suya,
irinta yake shafawa, ya ce shi lafiya lau.
Ban ƙaryata shi ba. Jar akuya ce tasa.

Nomau ya ce kayan da aka buɗe ba ya komawa.
Luba ta karɓo mini kati a asibiti, layin Talata.
Ƙurajen na nan, bakwai, na ƙirga da safe.
Kwalbar kuwa Kaka ya zubar, ya ɗauraye,
ya cika ta da man gyaɗa.
Da ita yake ɗiga wa almakashinsa
in ya ji ya fara kuka wajen yankan fata.